Kunnen Mama Biro

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin masu shara su gama, Mama Biro ta buɗe ɗakin taro na kamfanin sabulunmu, ta jera kujeru, ta zauna a gefen teburi da littafinta. Ita ce sakatariyar da ke rubuta bayanin taro. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa ban yarda ta tafi shiru ba.

Kowa ya san wai kunnenta na da nauyi. Abin dariyar, manaja ko raɗa ya yi sai ta ji. Sai in wata yarinya ta yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara, nan ne ciwon yake tashi.

Ku tambayi Auta, wadda aka ɗauka a ɗakin gwaji a matsayin wucin gadi. Manaja ya riga ya ce tana da ƙwazo amma ba ta da baki, kuma ba zai tabbatar da aikin wadda ba ta iya kare sakamakonta ba. Saura mako ɗaya a yanke mata hukunci ta gano sabon sabulun da za a fitar yana sa ƙaiƙayi. Ta rasa wa za ta gaya wa, sai Mama, a bakin famfo. Kwana uku Mama na hana kanta hutun rana, tana tsayar da ita gaban kujeru wayam, tana cewa ta ɗaga kai, ta daina farawa da ban haƙuri.

Ranar taro muryar Auta ta ƙi fita sosai. Shugaban sashenta, wanda ke kusa da ita, ya cafe maganar ya maimaita kamar shi ya gano. Auta ta sunkuyar da kai. Sai Mama ta ajiye biro.

"Yallaɓai, a yi wa tsufa uzuri. Ban ji abin da yarinyar nan ta ce ba, kuma ba na rubuta magana sai daga bakin mai ita. 'Yata, miƙe ki faɗa."

Ta miƙe ta faɗa. Manaja ya jero tambayoyi, ta amsa ɗaya bayan ɗaya, shugaban sashe kuwa ya koma nazarin farcensa. Aka dakatar da sabulun, aka tabbatar mata da aiki. Yau ita ke riƙe da ɗakin gwajin, kuma ita ce ta bakwai da muka ƙirga cikin 'yan matan da kurumtar Mama ta tayar tsaye.

Auta ta taɓa tambayarta me ya sa take wannan wahala. Mama ta ce, "Ni ma na taɓa yin magana a ɗakin nan. Ba wanda ya ce in maimaita."

Mama, ke ce uwar masu rawar murya. Kin tsufa a kujera ɗaya, ba ƙarin girma, ba lambar yabo, amma ba ki bari haushi ya cinye ki ba. Wannan yana sosa mini rai, kuma yana ƙara mini ƙaunarki. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiya.

Ku kuma da kuka daɗe a bakin aiki, kujerar Mama za ta zama wayam. Akwai yarinyar da za ta buɗe baki a taro mai zuwa ta sake rufewa. Kada ku bari a wuce ta.