Gashin Bakin Bakanike

Kafin ka ga bakaniken, gashin bakinsa za ka fara gani: baƙi wuluk, a murɗe gefe da gefe, ya fi duk motocin garejin samun gyara. Rigarsa kuwa ta sha baƙin mai har ta manta launinta. Da gani ka san ko a gida ba a ba shi shawara.

Yana rungume da distiributa, abin nan da ke raba wa filogai wuta, kamar an miƙa masa jariri. Mai tasin da ya kawo gyara na gefe yana murza hula, don da motar nan yake ci da iyalinsa.

"Maigida, da za ka cire ta ban ga ka yi alama ba," in ji mai tasi. "Kada fa ta shiga a juye."

"Alama? Aikin 'yan koyo ke nan. Ni da kunne nake aiki."

Ya zura ta, ya ɗaure, ya sunkuya ya kai fuska bakin kafireta, inda fetur ke haɗuwa da iska, ido a rufe.

"Tayar da ita!"

Fam! Injin ya yi aman wuta ta sama. A juyen ta shiga.

Ya ɗago a hankali, ƙauri na tashi, rabin gashin bakin ya tafi. Ya shafa wurin, ko kunya babu.

"Yawwa, yanzu ta gaya mini inda take. Miƙo sifana."

Amma kafin ya kwance ta, sai da ya kare injin da jikinsa don kada mai tasi ya gani, ya karta alama da ƙusa.