Gurbin da Malam Ummaru Ya Bar Mini a Ƙarƙashin Teburin Inji

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau labari ya same ni a Shagari, wai Malam Ummaru kafinta na Bodinga ya rasu.

Ƙanensa Malam Isa ne ya kira ni. Na ce masa wane Ummaru, alhali na san wanda yake nufi. Ya ce, "Naka." Sai na zauna a kan bencin da nake haɗawa, ko wayar ban kashe ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Ummaru shi ne mai injin tsaga katako, irin mai tebur ɗin nan da faifan zarto ke leƙowa ta tsakiya, kana tura falanki yana tsagawa. Mu kafintocin Shagari da Lambara da Dandin Mahe da ba mu da inji, wurinsa muke kai katako. Ba shi ya koya mini sana'a ba, amma rabin abin da na iya a gefen teburinsa na tsince shi.

Bai taɓa kirana da sunana ba. Ɗan Shagari kawai.

In na iso da rana, kafin in sauke katako daga Keke Napep zai turo mini kwanon fura. "Sha tukun, inji ba shi zuwa ko'ina."

Masu kiwon kaji su zo su kwashi dusar katako kyauta. Matan unguwa su aiko a ɗebi guntaye na girki. Ban taɓa ganin ya ɗaure wa kowa fuska ba.

Teburin injin gajere ne, in falanki ya yi tsawo sai an sami wanda zai tare shi. Malam ba ya son tsayar da mutum, sai ya ƙara wa teburin tsawo da katako mai kauri, ya yi masa ƙafafu. Sama ta yi kyau. Ƙasa kuwa juji ne: guntayen katako, tsofaffin faifan zarto, gwangwanayen ƙusa, gam da ya bushe a galan, dusa ta binne komai. In ana neman sifana sai an durƙusa ana tono.

Ni ne sanadin da aka gyara wurin.

Wata rana ina tura falanki, wani guntun katako da ya gangaro daga jujin nan ya shiga ƙarƙashin ƙafata. Na yi tuntuɓe na tafi gaba, hannuna ya nufi zarto. Ban san lokacin da Malam ya fizgo rigata ba, ya kashe inji da ɗaya hannun. Fatar babban yatsana kawai zarton ya ɗan taɓa.

Ni dariya ma na yi, ta tsoro. Shi bai yi ba. Ya ɗaure mini yatsan. Ya kashe janareta, ya ba sauran masu jiran layi haƙuri.

"Da hannunka yat tahi cikin shagona, mi zan ce ma iyalinka?"

Da na dawo mako na gaba, na tarar ya kwashe jujin tas, yana zaune a ƙasa da tef da fensir yana auna wurin.

A hankali ya riƙa ginawa, in aiki ya yi sauƙi. Da farko ya yi wa faifan zarto ɗaki-ɗaki, kowanne a tsaye, da siririn katako a tsakani don kada haƙoransu su riƙa gogar juna. Ya yi durowa marar zurfi ta sifana da tef da fensir, ya ce in durowa ta yi zurfi shara take tarawa. Sandar da ake tura katako da ita ya buga mata ƙusa a gefen tebur, daidai inda hannu zai kai ba sai an waiwaya ba. Can ƙarshe ya yi ɗan akwati mai murfi, ya sa auduga da bandeji da aidin.

Mun sha musu a kan ko za a sa wa wurin ƙofa. Ni na ce a bar shi kanta a buɗe, an fi saurin ɗauka. Ya ce, "Kai ba ka share dusa, shi yas sa." Ya sa ƙofa. Gaskiyarsa ce.

Sai babban akwatin guntaye, wanda ya sa wa tayoyi. Da ƙafa yake jawo shi, da ƙafa yake mayarwa. Wannan kam mun tsokane shi. Wani abokin sana'armu ya ce Malam ya sayi mota bai gaya mana ba, saura lamba. Ya yi dariya tare da mu har da tafi.

Kafintoci da yawa sun kwaikwaya. In ka ga akwati mai taya a shagon kafinta tsakanin Bodinga da Shagari, ka tambaya, za ka ji sunansa.

Amma akwai gurbi ɗaya a tsakiya da ya bari fayau, ba durowa ba ƙofa. Na ɗauka katako ne ya ƙare masa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ce. Na kai katakon ƙofa na wani gida a Lambara, maigidan yana ta kirana a waya. Na tarar da Malam a zaune, ya jingina da bango. Ya ce in tsaga da kaina, shi zai duba. Ban kawo komai a raina ba.

Da na gama ina ɗaure kaya, sai ya nuna gurbin nan da baki.

"Ɗan Shagari, ka san na wa na wanga?"

Na ce a'a, Malam.

"Naka na. Kullum kana jan jakka daga Shagari awa mai ƙaura. Ka kawo kayan aikinka mu auna, in yi maka durowa daidai su. In ka taho, ka taho hannu sake."

Kunya ta kama ni. Na yi godiya. Ya ce in ɗan zauna mu yanke ko da gefunan durowar ne, tunda akwai mai a janareta. Mai keke yana ta hon a waje. Na ce, "Malam, a yi mini haƙuri, sai mako mai zuwa in sha Allahu."

Ya ce, "To, Allah shi kai mu."

Ya ɗaga mini hannu daga zaune. Shi da kullum sai ya raka ni bakin titi.

Wallahi abin da ke cina ke nan tun safe. Ƙofar Lambara da ta jira. Ko rabin awa ce da na zauna.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Malam Isa ya ja ni gefe. A bakinsa na ji cewa Malam ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda, yana zuwa asibiti a Sakkwato a ranakun da muke zaton katako ya je saye. Ya hana a gaya wa kowa, wai kada mutane su daina kawo aiki don tausayi, su tafi nesa su wahala. Duƙawa ta daɗe da gagararsa.

Ashe dalilin tayoyin ke nan. Mu muna dariya, shi yana taya mu.

Malam Isa ya buɗe mini shagon. Komai yana inda ya ajiye shi, an share ƙasa fes. A cikin gurbin nan akwai katako huɗu da ya riga ya goge da sanfefa, bai yanke su ba, tunda bai san tsawon kayana ba.

Malam Isa manomin albasa ne, bai san kan inji ba. Ya ce iyali sun yi magana, ba za a rufe shagon ba, don marigayi ya sha faɗa cewa in aka rufe, kafintocin ƙauye ne za su sha wuya. Ya tambaye ni ko zan riƙa zuwa ina kunna wa mutane inji kafin a ga yadda za a yi.

Na ce zan zo.

Ya ce, "Durowar fa, za ka ƙarasa ta?"

Na fita waje na tsaya.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Ummaru. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ciwon da ya ɓoye ya zama kaffara a gare shi. Yadda ya tsare hannuwanmu, Allah ka tsare shi daga azabarka. Ka ba Inna Hauwa matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ka zame musu gata.

Duk wanda ya taɓa tsaga katako a wurinsa, ko ya ɗebi dusa, ko ya sha furarsa, don Allah ya sa shi a addu'a. Wanda ma bai san shi ba, ina roƙon ya karanta masa Ƙulhuwallahu ko ƙafa ɗaya ce kafin ya wuce.

Allah ya sa Aljanna ce makomarsa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.