Ma'alish Ɗin da Ya Ɓata Min Wasa

Jama'a, wallahi yau wani Bamisire ya cuce ni!

Wata bakwai ina jiran a dawo ƙwallon Amurka, wadda kuke min dariya a kanta. Ƙungiyata ta buga wasan farko ina barci. Na kashe waya kar in ga sakamako, sai na dawo daga karatu in kalla.

A motar haya ta unguwar Hay el-Sabi' a nan Alƙahira, wani dattijo ya ga hular ƙungiyar a kaina. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ma'alish ɗana, sai haƙuri, sun yi muku kaca-kaca."

Na ce, "Baba, ban fa kalla ba!"

Ya ce, "To kar ma ka kalla."

Duk faɗin Alƙahira ba mai kallon wasan nan, sai wanda na zauna kusa da shi!