Hannun Mai Shara a Bi'ir Ali

Wani tsoho siriri yana shara tsakanin motocin alhazai a Bi'ir Ali. Da ladan ya ɗaga murya, sai hannunsa na dama ya tashi yana jan iska kamar igiya. Yakan yi maza ya riƙe shi yana waige-waige.

Na ce, "Baba, ciwo ne?"

"A'a, Hajja, ƙararrawa ce. Mahaifina ne ya gina cocin Metodis na garinmu, ni ke kaɗa ta. Na musulunta tuntuni, amma hannun bai manta ba. Ginin ya rushe, kabarinsa na bayan ginin. Ga ni a Madina, ban san addu'ar da zan yi masa ba."

Ni kuwa kullum ina roƙa wa marigayi mijina gafara.