Takardar Dauda Fita, Sati Uku Bayan Jana'izarsa

Akwai wata Litinin da ban taɓa mantawa da ita ba, ko da yake yanzu nakan nemi hulata alhali tana kaina. Ku da kuka zo jiya da digiri a aljihu, ku gyara zama, ɗan aji huɗu na firamare zai koya muku kwamfuta.

Lokacin sojoji sun koma bariki da 'yan shekaru, ni kuma ina masinja a wani kamfanin matse man gyaɗa a Trikania. Masinja shi ne mai buɗe ofis, mai rufe ofis, kuma shi ake fara kallo idan wani abu ya ɓace. Manaja ya ɗauko wata injiniya mai suna Talatu, 'yar Filato, ta kafa mana abin da ta kira wiki. Baƙin akwati ne a ƙaramin ɗaki kusa da sito, ita tana ce masa saba. Kowane ma'aikaci yana da sunansa a ciki, yana shiga ya rubuta yadda yake aikinsa, wani ya zo ya ƙara. Kowace ranar aiki ƙarfe takwas na safe akwatin yakan tattara shafukan da suka canza, ya mai da su PDF, wato takardar da ba a iya taɓa rubutunta, firinta ta buga da kanta, ni kuma in liƙa a allo.

Ƙarshen kowane wata Talatu takan kwafe duk abin da ke cikin akwatin a faifai, ta ba ni in kai gidana a Kamazou saboda gobara. Ta kuma koya mini aiki ɗaya tak. Ta ce, "Baba Ishaya, idan aka ɗauke wuta akwatin ya rikice ba na nan, ka sa faifai ka danna koren nan. Shi ke nan." Na ce, "'Yata, kin naɗa ni injiniya ke nan." Ta ce, "Na koren maɓalli kawai."

Babban fita ɗinmu, wato mai gyaran injuna, shi ne Dauda, abokina tun muna samari. Injin na uku, wanda ya fi kowanne fitar da mai, shi kaɗai yake iya tayar da shi, kuma in zai tayar sai ya aiki kowa ɗauko wani abu. Dauda ya kwanta kwana huɗu ya rasu. Muka kai shi makabartar Gonin Gora muka dawo. Aka yi masa abin da ake yi wa duk ma'aikacin da ya rasu: aka soke sunansa a rajista, aka kai wa iyalinsa kayan aikinsa, Talatu ta rufe sunansa a akwati, sannan ta tafi hutun haihuwa.

Tun daga ranar injin na uku ya ƙi. Yohanna, mataimakin Dauda na shekara goma sha ɗaya, magidanci mai 'ya'ya biyar, ya kwance shi ya ɗaura har sau uku. Da an zuba gyaɗa sai ya shaƙe ya tsaya. Manaja ya ce masa a gabana, "Zuwa ƙarshen wata in bai tashi ba, zan kawo fita daga Kano, kai kuma ka nemi wani wuri."

Ranar wata Juma'a da yamma aka ɗauke wuta, akwati ya rikice. Na je gida na ɗauko faifai, na sa, na danna kore, na kulle ofis ina jin kaina kamar wanda ya ƙera jirgi.

Litinin na buɗe ofis, babu kowa sai ni. Takwas na cika firinta ta fara aiki. Na saba da takarda biyu ko uku. Ran nan ta yi ta fitarwa ba tsayawa, har suna zubewa ƙasa. Na sunkuya na ɗauki ta sama. Karatuna ba shi da gudu, amma sunan abokina na san shi ko a juye. An rubuta: Dauda Fita. Layin farko kuma ya ce, "Yohanna, kai nake yi wa magana."

Takardar da ɗuminta. Na san firinta ce ke ɗumama takarda, amma ran nan hannuna bai yarda da wannan bayani ba.

Yohanna ya zo, ya karanta layin farkon, ya saki takardar. Ya ce, "Baba, da hannuna na zuba masa ƙasa." Na ce, "Ina kusa da kai." Akawu ya leƙa akwatin ya dawo yana share zufa. Duk abin da aka rubuta a watannin baya ya ɓace. Sunan Dauda kuma a buɗe yake, kamar ya fita shan shayi ne zai dawo.

Manaja ya ce wasan banza ne, ya sa na kwashe takardun na kulle a durowa, amma na lura da bakin alƙalami ya tura mini su. Ma'aikata suka daina bi ta gaban ɗakin. Mai sharar ofis ta ce ba ta shara inda mamaci ke aiki. Ni ma, da girmana, sai na yi sallama kafin in shiga.

Sati na zagayowa aka sake ɗauke wuta, na sake yin aikina na injiniya. Washegari takwas na cika, ga ta nan kuma: "Yohanna, kai nake yi wa magana." Saura kwana biyar wata ya ƙare. Yohanna ya zauna a kan buhun gyaɗa ya ce, "Ko fushi yake yi na taɓa masa inji?" Manaja ya aika mota a ɗauko Talatu.

Ta zo da jaririya a baya. Ta zauna gaban akwatin, ta yi 'yan danne-danne, sannan ta juyo a hankali.

"Baba, wane faifai ka sa?"

"Babban."

"Wanne ne babban?"

"Na farko mana. Shi ya riga sauran zuwa. Ni ban saba tsallake babba in je wajen ƙarami ba."

Ta rufe fuska da tafin hannu. Ta ce faifai na ƙarshe ne ke da cikakken labari, ni kuma sau biyu ina mayar da kamfani baya zuwa watan farko. Na ce to laifin wanda bai koya wa faifai ladabi ba ne. Ba wanda ya yi dariya, domin ta riga ta ɗauki takardar tana karantawa da ƙarfi.

"Yohanna, kai nake yi wa magana. Na uku ba ya karɓar gyaɗa da sanyin jiki. Sassauta notin baya zagaye ɗaya da rabi. Bar shi ya yi gudu ba komai har hannunka ya kasa daɗewa a jikinsa. Ba shi tunkuza cikin tafi biyu, sannan gyaɗa. Na ɓoye maka ne don kada a ce an gama da ni. Ka yafe."

Yohanna ya tashi ya ɗauki sifana. Muka bi shi. Bayan rabin awa mai ya fara zuba a tire. Ya tsaya da hannu a jikin injin, ya juya mana baya, muka bar shi.

Da muka koma ofis Talatu ta ce akwai abin da bai kwanta mata ba. Shafin nan Dauda ya rubuta shi da safe ya goge kafin a tashi aiki, rana ɗaya. A tsakanin ne aka kwafe faifan farko, kuma ba ranar kwafa ba ce. Dauda ne ya zo ya dame ta wai ta nuna masa yadda ake kwafar.

Sai a nan na tuna. Da yammacin ranar, ina saka faifan a jaka, Dauda ya tare ni a bakin get ya ce, "Ishaya, in fayafayan nan sun yi yawa, wanne za ka sa?" Na ce, "Babban mana." Ya daɗe yana kallona, ya yi dariya, ya hau kekensa.

Talatu ta dawo da faifan ƙarshe, ta bar shafin Dauda da sunansa, ta kuma rubuta SABO da jan alƙalami a kan wanda ya kamata in riƙa sawa. Yohanna ya zama babban fita har ya yi ritaya.

Abin da na koya shi ne, akwati yana ajiye abin da aka ba shi ne kawai, bai san dalilin da ya sa tsoho ke riƙe rabin saninsa a ciki ba. In kuna so mu zuba muku duka, ku fara tabbatar mana ba za a nuna mana get ba ranar da muka gama rubutawa. In ba haka ba, za ku samu dai, amma sai bayan kun dawo daga makabarta.