Tsuntsun Ƙanƙara a Gindin Tsamiya

Ba a fi mako uku da yin tafiyar nan ba, amma fargaba ta hana ni rubuta komai a ranar, don haka mai yiwuwa ne na sauya wa wasu maganganu wuri.

Mun tashi da asuba daga Bakura, ni da wani abokin aikina, a bayan akori-kura mai ɗauke da albasa. An gayyace ni in yi wa ajin yaƙi da jahilci magana a wani sabon ƙauye kusa da Maradun, inda aka tsugunar da waɗanda ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonakinsu. Mai gayyatar ya gargaɗe ni cewa mutanen sun gaji da daɗin bakin 'yan boko, kuma in suka kira ni maƙaryaci sau ɗaya, ajin ya watse. Ni kuwa abin da na riƙo shi ne hoton sarkin fengwin manne a kwali, tsuntsun da ya fi burge ni tun ina jami'a. Har muka hau mota ina shakkar zaɓin nan.

A Talata Mafara muka karya da koko da ƙosai. Manyan motocin aikin madatsa sun cika tasha, kifi kuma ya yi arahar da ban taɓa gani ba, har masu tsire na hararar masu suyarsa. Daga nan hanya ta yi ta jijjiga mu. Can muka hango ruwan shimfiɗe, kawunan itatuwa na leƙowa daga cikinsa, balbelu jere a kan rassan da suka bushe.

Bayan azahar aka taru a gindin tsamiya. Da aka gama doguwar gaisuwa na ɗaga kwalin. Na ce tsuntsun nan yana zaune ne a ƙarshen duniya ta kudu, inda teku ke daskarewa har a yi tafiya a kansa. Tsayinsa ya kusa ƙugun babban mutum, ba ya tashi sama, amma ya iya nutso ƙwarai. Ba ya sheƙa, don babu ko tsinke a can. A tsakiyar sanyi macen ke yin ƙwai ɗaya, ta miƙa wa namijin, ta tafi teku neman kifi. Shi kuma ya ɗora shi bisa ƙafafunsa, ya rufe da fatar cikinsa, ya tsaya wajen wata biyu bai ci komai ba. Mazan kan cure wuri guda, na gefe na shiga tsakiya bi da bi, kowa ya sami ɗumi.

Dariya ta ɓarke. Wani ya ce, "Malam, wanga ai matatai ta gama da shi!" Wani daga baya ya ce an fara ke nan, ya miƙe yana kaɗe riga.

Sai wani dattijo ya ɗaga sandarsa. "Ɗana, in ƙwan ya taɓa ƙanƙara fa?"

"Ba ya jimawa yake mutuwa, Baba."

Ya juya ga jama'a ya ce wannan bayanin mai ƙarya bai san shi ba. Ya tuna musu ranar da suka taso daga tsohon gari: kazarsa na kwance kan ƙwan zabi, kamar yadda aka saba sa wa kaza, ta ƙi zama a kwando. Shi ya zuba ƙwan cikin rigarsa, ya ɗaure a ciki, ya tako a hankali har nan, ana yi masa tsiya wai ya yi ciki. Akasarinsu sun ƙyanƙyashe. Mai kaɗe rigar ya koma ya zauna.

Dattijon ya sake tambaya, in ƙanƙarar ta narke kafin ɗiyan su yi gashi? Na so in sassauta, amma na faɗi gaskiya: teku ke cinye su.

"Ashe su ma ruwa na tashinsu," in ji shi. "Ka komo mako na gaba."

Ya ba ni ƙwan zabi cikin ƙwarya da ƙaiƙayi. Don gudun jijjiga na ɗora ƙwaryar bisa ƙafafuna har Bakura, abokina na ta dariya. Mun iso kafin magariba, ko ɗaya bai fashe ba.

Na tafi ina tsoron ba za su gane tsuntsun ba, na tarar da wanda ya riga ni sanin aikinsa. Duk wanda ya zauna a gindin tsamiyar nan, in na kuskure wani abu, musamman kalaman dattijon, don Allah ya aiko mini da gyara.