Ranar da Na Kama Kunnen Ɗan Farina a Riyad

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da ƙanwar maigidana, ko shayi ba mu tsaya sha ba. Hanyar Matamai zuwa Daura ta fi yadda na san ta kyau, sai dai direbanmu mutum ne mai son zumunci, duk garin da muka shiga sai ya tsaya ya tambayi lafiyar wani. A Kano muka hau jirgi. Bizar Umra muka yi, amma niyyata biyu ce: in ga Ɗakin Allah, in kuma ga ɗana na fari da ke aikin dako a Riyad. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san dalili. Zabiya ne. Tun da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi, wato wannan da muke tafe tare, ita ke masa wasa, ita ke masa faɗa. Ni tsakanina da shi gaisuwa ce, ido a ƙasa, yadda iyayenmu suka yi da nasu 'ya'yan fari.

Da muka kammala Umra muka shiga babbar mota zuwa Riyad. Hanya shimfiɗe, ba rami ko ɗaya, amma ba abin kallo sai rairayi da raƙuma jefi-jefi. Sanyin cikin motar ya sa na lulluɓa da zane biyu. Da aka tsaya salla na sa ƙafa waje, sai na ji kamar an buɗe mini murhu a fuska. A nan muka ci shinkafar da suke kira kabsa. Kaza ta nuna, shinkafa ta sha mai, amma yaji ko ƙamshinsa babu. Goggo ta zaro ƙullin yajinta daga jaka, kafin a jima matan da ke kusa da mu duk sun miƙo faranti.

A unguwar Shifa muka sauka, gidan wasu mutanen Maraɗi masu kirki. Yaran gidan in ka yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, sai na koma magana da su da hannu. Da yamma yaron nan ya zo, ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon bango. Amma ta gefen ido na ga bakin kunnensa na dama da wani abu kamar busasshen ɓawo, ga irinsa ƙanana a bayan hannu.

Washegari ya kai mu kasuwar Utaiƙa inda yake aiki. Dabino iri-iri, wani mai taushi kamar zuma, kuma da araha, sai ka ɗanɗana kafin ka saya. Tumatur kuwa manya ne masu kyan gani, sai dai a miya ba su kai namu ba. Na ga inda suke sauke akwatunan kayan miya daga manyan motoci, fili ne fetal ba inuwa. Hularsa ta rufe tsakiyar kai, ta bar kunne da wuya a rana.

Goggo ta dame shi kan maganar asibiti. Shi kuwa dariya yake.

"Kaushi ne kawai, Goggo. In na kankare shi da farce sai ya fita."

"In ya fita me ya dawo da shi, ɗan nema?"

"Goggo, ki bari. In mudir ya ji ba na iya rana, sallama ce. Wa zai riƙe ni?"

Mudir shi ne mai kula da su a wurin aiki. Haka suka yi ta yi, ita ta ja, shi ya kauce, ni ina gefe ina tsintar shinkafa kamar ba na ji. Kwanakinmu kuwa suna tafiya.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya zo cin abinci da farar riga. Ya sunkuya wanke hannu, sai na ga ɗigon jini a wuyan rigar, daidai ƙasan kunnen. Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Na kama kunnen na shafa. Rabona da taɓa yaron nan tun yana goye. Wurin kamar an liƙa yashi, tsakiyarsa kuma da tauri. Na bi bayan wuyansa da yatsa, nan ma na ji gurza-gurza a wuraren da ido bai ga komai ba. Goggo, mai bakin nan, ta kama haɓa. Shi kuma ya sandare, ruwa na ɗiga daga hannunsa.

Na ce, "Za mu je asibiti."

Ya ce, "To, Inna."

Wani asibiti muka je a unguwar Shumaisi, wurin likitan fata. Ya duba da madubi mai fitila, shi ma ya bi da yatsa. Yana faɗa da Larabci, yaron yana mayar mini da Hausa. Ya ce sunan abin actinic keratosis, ɓarnar rana ce da ta taru a fata shekara da shekaru, kuma ta fi kama masu farar fata, musamman zabiya. Kunne, goshi, leɓe, wuya da bayan hannu, nan ta fi fitowa. Sau da yawa hannu ke jin ta kafin ido ya gani. Ba ciwon daji ba ne, amma wani in an bar shi yakan koma daji, shi ya sa ba a kankarewa a zauna. Wanda ya yi tauri, ko yake jini, ko ya ƙi warkewa, shi ne abin gaggawa.

Na hannu ya fesa musu wani abu mai tsananin sanyi yana hayaƙi, ya ce za su yi ƙuna su faɗi da kansu. Na kunnen ya yanki ɗan kaɗan don a auna. Na wuya kuma ya ba da man shafawa, ya ja kunnenmu cewa wurin zai yi ja ya saluɓe, kada mu tsorata. Ya ƙara da man kare rana, riga mai dogon hannu, hula mai faɗin baki, da dawowa a riƙa dubawa.

Mun ce ba za mu tsorata ba, amma mun tsorata. Ba a daɗe ba wuyan ya yi jawur. Abokan ɗakinsa suka ce maganin Larabawa ne, ya fi ƙarfin fatar zabiya, ya bari ya shafa zuma. Ni kaina zuciyata ta karye. Sai muka koma wurin likita, ya duba ya ce haka ake so, maganin ɓatacciyar fatar yake ci. Daga nan kullum in ya tashi aiki sai ya biyo Shifa, ya zauna a gabana ya ba ni baya, ni in shafa masa inda ba ya gani. Goggo ce ke cika ɗakin da surutu.

Maganar aiki kuwa, wani dattijo ɗan garinmu ya raka shi wurin mudir. Mudir bai sallame shi ba. Ya ce zai gwada shi a cikin rumfa wurin jera kaya, in an ga hannunsa da sauri ya zauna.

Mun baro Riyad wuyan bai gama warkewa ba, sakamakon kunnen ma bai fito ba. Duk hanyar Kano zuwa gida ban iya cin abin kirki ba. Muna gida ana ta zuwa barka da dawowa sai yaron ya bugo waya, a wayata, ba ta Goggo ba. Ya ce na kunnen ya fara juyawa zuwa daji, amma bai yi nisa ba, sun yanke shi duka sun ɗinke.

'Yan'uwa mata, abin da na koyo ke nan. Wadda Allah ya ba zabiya, ta bi kunnensa da wuyansa da yatsa, in ta ji kaushin da ke fita yana dawowa ta kai shi likita, ko shi ne na fari. Har yau ban faɗi sunan yaron nan ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma kafin ya ajiye waya na tambaye shi wa ke duba masa bayan wuya yanzu. Ya ce, "Akwai mai dubawa, Inna. Sai dai hannunsa da nauyi."